Almakashin da ke Cikin Kan Iya

Har yau in kamiyo, babbar motar kaya, ya yi gurnani a kan hanyar Magarya sai in nemi bango in dafa. Inna ta ce in yi ta faɗin abin da na gani har ya fita daga raina, kamar yadda ake matse ƙurji. To, baki ya kasa, kullum kuka ke riga magana fitowa. Shi ya sa na ce bari in rubuta.

Sunana Barira, 'yar Sassumburum. Na yi lise, wato babbar sakandare, a Magarya har ajin ƙarshe, jarrabawar bak ta kayar da ni. Amma ba faɗuwar bak ce ta fitar da ni daga gida ba. Maganar Iya ce, kakata, wadda ta haifi Inna.

Iya matsar man gyaɗa ce sana'arta tun kafin a haife ni, duk wanda ya ci kasuwar garinmu ya san ƙulinta. Sai ta fara mantuwa. Da fari gishiri ne take zuba wa miya ta koma ta sake zubawa, muna dariya. Daga baya ta shiga fita da almuru, ta faɗa gidan maƙwabta, ta tsaya a kan yaransu tana kallo tana kiransu da sunayen mutanen da suka daɗe a ƙasa. A garinmu tsohuwa mai yawon almuru tana kiran sunaye, suna ɗaya gare ta. Ba wanda ya faɗa a gabanmu. Kwalaben masu sayen mai ne kawai suka daina zuwa ƙofarmu. Wa zai ci man gidan mayu? Kuma an ce maita a nono ake shan ta. In ta tabbata a kan Iya, ta tabbata a kan Inna, da ni, da ƙannena mata, da waɗanda za mu haifa.

Ana cikin haka wata Hajiya Ladi ta zo da zancen aikin shago a Aljeriya, wai ana neman yarinya mai jin Faransanci. Na bi ta.

Agadas

A Agadas na fara gane cewa mu kaya ne. An zuba mu cikin wani gida mai doguwar katanga, mata da yara, aka rufe ƙofa ta waje. Hajiya Ladi da ke ce mini "ɗiyata" a Magarya ta koma ce mini "ke mai boko". Ta karɓe katin ɗan ƙasa na kowa, wai kada su ɓace.

A gidan nan na haɗu da Tsahara, wata mata daga wajen Dungas, doguwa, mai wushirya, wadda ba wannan ce tafiyarta ta fari ba. Ta dube ni sama da ƙasa, idonta ya tsaya kan takalmana masu tsini.

"'Yar lakwal mai boko, da waɗannan za ki shiga rairayi? Ko an ce miki gidan biki za mu?"

Ta ciro wasu tsofaffin silifa daga ƙunshinta ta jefo mini. Ita ta nuna mini yadda ake ɗinke buhu a jikin bido, wato jarkar ruwa, a jiƙa shi don ruwa ya yi sanyi. Ita ta sa na ɗaure salulata a ƙugu, ƙarƙashin zane.

"Abin da Hajiya ba ta gani ba, ba ta karɓa ba," in ji ta.

Rairayi

Daga Arlit aka loda mu a bayan buɗaɗɗiyar mota, kowa ƙafafunsa na reto a waje, da sanda a kafe tsakanin cinyoyi don riƙewa. Direba ya ce wanda ya faɗi ya faɗi. Na ɗauka barazana ce.

Motar ta lalace mana a wurin da ko tsuntsu babu. Muka fake a ƙarƙashinta kamar kaji. Ruwa ya yi ƙasa har ya zama da murfin bido ake aunawa. Tsahara ta ba ni nawa ta riƙe mini haɓa.

"Kada ki haɗiye. Ki riƙe shi a baki, ki yi ta lallashinsa kamar saurayi."

A cikin wannan hali ma sai da ta ba ni dariya.

Akwai wata mata kusa da ni da 'yar goye. Yarinyar ta yini tana kuka, can ta yi shiru. Uwar ta ci gaba da jijjiga ta. Ba wanda ya iya yi mata magana sai Tsahara, ita ta kwance goyon. Da hannu muka tona. Iyakar abin da zan iya rubutawa ke nan a kan wannan wurin.

Tamanrasat

Shago dai babu shi. Hajiya Ladi ta nuna mana bakin titi ta ce nan ne shagon: a ba ki ɗan wata ki goya, ki zauna, ki miƙa hannu, da yamma ki kawo mata abin da ya samu. Na ce ba zan iya ba. Ta ce to in dafa bokona in ci.

Tsahara ta san da haka tun daga gida, ita dama shi ta zo yi, tana da marayu a Dungas. Ta ja ni bayan ɗaki.

"Ni baki ɗaya gare ni, Hausa. Ke biyu gare ki. Tafi ki ci abinci da ɗayan."

Ta haɗa ni da wani direban motar kayan miya da ta yarda da shi, ta ba ni sunan wata 'yar Damagaram mai aikin girki a Waharan, can bakin teku. Na ce mu tafi tare. Ta ce, "In bar wa wa shagona?" Tana dariya, wushiryarta a waje. Ban sake ganinta ba. Silifanta suna nan a ɗakina.

Waharan

'Yar Damagaram ɗin ce ta kai ni gidan Madan Nawal, wadda ke neman mai zama da mahaifiyarta da rana. Gajeriyar mace ce, furfura ta fara mata a gefen kai, ga tabarau, ga takalmin gudu irin na 'yan ƙwallo. An ce mini doktar ce a jami'a, amma ba irin mai yin allura ba, irin mai bincike. Ba ta tambaye ni takarda ba. Tambayarta ta fari ita ce ko na ci abinci. Ta biyu, ko ina da haƙuri.

Mahaifiyar, Hajja, fara ce sol, ƙarama, da farin mayafi da carbi. Yinin farko lafiya lau. Da rana ta yi ƙasa sai ta miƙe ta nufi ƙofa tana jijjiga mariƙi. Ta juyo ta zuba mini ido. Ta tako a hankali ta kama wuyan hannuna, ta shafa mini kunci, ta ce, "Hadiza. Hadiza."

Jama'a, na ƙetare rairayi don in guje wa abu, ga shi ya riga ni isowa. Duk bokona ya zube. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba: "Kurwata kur! Ki ci kanki, ki sha baƙin ruwa!" Na fizge hannuna na faɗa banɗaki na danna sakata.

Haka Madan Nawal ta dawo daga aiki ta same mu: uwarta a tsaye a bakin ƙofa da takalmi ƙafa ɗaya, 'yar aiki a kulle tana karanto duk addu'ar da ta sani. Na sa rai da kora. Sai na ji ta lallashi tsohuwa ta zaunar da ita, sannan ta zo ta zauna a ƙasa, jikin ƙofar banɗakin, ta ce in gaya mata abin da na ji tsoro. Na gaya mata da guntun Faransancina. Ba ta yi dariya ba.

"Hadiza ƙanwarta ce," in ji ta. "Ta rasu tun ba a haife ni ba. Ta gan ki ne ta ji kin kwanta mata, ta shiga rumbun sunaye don ta ɗauko miki, sai ta tarar saura kaɗan a ciki. Ta ba ki mafi tsada. Cuta ce, Barira. Tana da suna, kuma a kanta nake aiki."

Na buɗe ƙofa. Na ba ta labarin Iya. Sai ta shiga jero mini tambayoyi. Abin ya fi tashi da yamma? Tana ɓoye kaya ta ce an sace? Tana rera waƙoƙin ƙuruciyarta ba kuskure amma ba ta san ta ci abincin safe ba? Kowace na ce i. Kamar matar nan ta taɓa kwana a gidanmu.

Ban taɓa ganin mai haƙurinta ba. Ko sau ɗaya ban ji ta ce wa uwarta "kin manta" ba. In Hajja ta ce a kai ta wurin mahaifiyarta, wadda ƙasa ta daɗe da rufewa, sai ta ce, "Ba ni labarinta, me take dafa miki?" Kafin rana ta faɗi takan ajiye mata tire da wake ta ce ta taya ta tsincewa. Hannu ya samu aiki, ƙafa ta bar neman ƙofa.

Wata Asabar muna kicin na ce mata, "Madan, to mene ne ke cin kan nasu?"

Ta buɗe firigo ta ɗauko kwalbar man zaitun da sanyi ya kama, ta zuba ruwa a faranti, ta tsiyaya man a kai. Ya bazu siriri, da 'yan gudaji-gudaji da suka daskare suna yawo a cikinsa.

Ta ce ko na tuna ƙwayar halitta, wadda jiki duka da ita aka gina shi. Na tuna: mushenmu, malamin siyans, ya zana mana da'ira a allo da ɗigo a tsakiya. Mu ɗigon muka haddace, layin da'irar mun ɗauka alli ne kawai. Ta ce to wannan layin shi ne aikinta duka. Ba bango ba ne, tantani ne na maiƙo, siriri kamar wannan na kan ruwa, kuma ba a tsaye yake ba, motsi yake yi. A cikinsa an kakkafa furotin kamar turaku, kai a waje, gindi a ciki. A tsakaninsu kuma akwai wasu da aikinsu yanka ne, ta kira su almakashi. Su ke datse kan turakun, guntun da aka datse ya tafi ya zama saƙo ga maƙwabta: ku girma, ku rufe rauni, ku tayar da zazzaɓi.

"To almakashi in aka bar shi ya yi ta yanka yadda ya ga dama, ai an yi ɓarna. Me ke riƙe shi?" Ta sa yatsa ta taɓa man. "Wannan."

Ta ce wani wurin maiƙon ruwa-ruwa ne, wani wurin kuma, inda kolestarol ya yi yawa, yakan taru ya yi kauri kamar gudajin nan. Wani almakashin ya fi son wuri mai ruwa, wani ya fi son mai kauri. Ashe maiƙon ne ke shirya wa zai gamu da wa. Har akwai wani irin maiƙo da ƙwayar ke ɓoyewa ta fuskar ciki, ranar da ta juyo shi waje, wani almakashi da ke zaune shiru sai ya sunkuyo ya kama aiki, kamar an ɗaga masa tuta.

Sannan ta zo kan ƙwaƙwalwa. Akwai wani dogon turke a jikin ƙwayoyinta. In ya gamu da almakashin wuri mai ruwa, a tsakiya ake datse shi, guntayen su tafi ba su cuci kowa ba. In kuwa ya faɗa wuri mai kauri, wasu almakasai biyu ne ke samunsa, ɗaya ya yanka sama ɗaya ya yanka ƙasa, su bar wani ɗan guntu mai danƙo. Shekara da shekaru yana taruwa tsakanin ƙwayoyin, hanyoyi suna toshewa. Sababbin hanyoyi ke fara mutuwa, tsofaffi su jima. Shi ya sa Hadiza tana nan, abincin safe ba ya nan.

Na tsaya ina kallon farantin. Duk wannan a cikin layin alli! Na ce tsarki ya tabbata ga Wanda ya shirya shi.

"To maganin fa, Madan?"

Ta cire tabarau ta murza ido. "Babu mai warkarwa tukuna. Ba mu ma gama sanin ko guntun nan kaɗai ne mai laifi ba, cikin abokan aikina akwai masu musu, kuma suna da hujja. Abin da nake gani a laburatuwar, ɗakin bincike, nake ganinsa, cikin ɗan faranti, ba cikin kan mutum ba. Da yawa ban sani ba. Uwata ba za ta ci moriyar aikina ba, na sani. Wataƙila uwar wata."

Bokan da aka taɓa kai Iya wurinsa a Dogo-Dogo bai ce bai sani ba ko a kan abu ɗaya. Wannan kuwa, da duk karatunta, ta faɗe shi kamar tana gaya mini farashin tumatir. Tun ranar na ƙara ganin girmanta.

Ni kuma da ƙaramin sani sai na yi nawa lissafin. Maiƙo ne ke kawo ta'asa, Iya kuma a cikin mai ta tsufa, ai magana ta fito! Na aika wa Inna saƙon murya na ce a hana Iya mai. A nan ma na shiga dafa wa Hajja abinci fari fat. Tsohuwa ta ɗanɗana ta ture kwano, ta zazzaga mini Larabcin da ko ba fassara na san ba addu'a ba ce. Madan ta sa cokali ta ɗanɗana.

"Barira, yaƙi aka fara ban ji ba?"

Da na yi mata bayani ta yi dariya har da hawaye. Ta ce ƙwaƙwalwa ita ke ƙera nata maiƙon, na kwano ba ya hawa can kai tsaye. "Ki mayar wa tsofaffin nan biyu da mai a miya. Ɗan daɗin da ya rage musu ke nan."

Ranar Juma'a

Damina ce a gida. Da safe Inna ta kira ni, da jin sallamarta na san ba lafiya. Ɗan Lanti maƙwabciyarmu ne ya kwanta da zazzaɓi har yana fizge-fizge. Kuma jiya da almuru an ga Iya a ƙofar ɗakinsu tana kiran "Sani, Sani", sunan ɗanta da ya rasu yana yaro. An ce ta kama kurwar yaron. An yanke cewa bayan an sauko daga masallaci za a fito da ita gaban mai gari, ta kwance zane ta tsallake shi, don ta saki kurwar. Kawu Isuhu, ƙanen Inna, mai shagon atamfa a Magarya, ya zo a kan moto, kuma ya yarda. Wai a yi a wuce wurin.

"In ta tsallake ta amsa ke nan, Barira," in ji Inna. "Mun zama mayu har jikoki."

Juma'a ba aiki a can, Madan tana gida. Ta same ni durƙushe a kicin. Da ta ji, cewa kawai ta yi, "Kira kawun naki. Kiran da ake ganin fuska."

Kawu ya ɗauka yana zaune a tsakar gidanmu, fuska a murtuke.

"Barira, ke kina can kina cin burodi, mu ke cikin wuta. Tsallake ne fa, ba yanka ba. In ban yarda ba jifa za su yi."

"Kawu, don Allah ka saurari matar nan. Likita ce, uwarta irin ciwon Iya gare ta."

Madan ta gaishe shi da sallama, ta fara magana, ni ina juyawa. Nan na gane Hausar ma sai an neme ta. Ina zan samo tantanin maiƙo da gudajinsa a Sassumburum? Sai na ce masa ya tuna ƙwaryar nonon Fulani, da curin man shanu yana yawo a kai. Na ce haka fatar ƙwayoyin kai take, wani wuri ruwa, wani wuri curi. Na gaya masa zancen turke, da almakashin da ke yanka daidai, da waɗanda ke yanka su bar danƙo.

Kawu ya karkace hula. "Almakashi a cikin kan uwata? Wane tela ne ya bar shi a ciki?"

Na juya wa Madan. Ta yi murmushi ta ce, "Gaya masa akwai shi a nasa kan, akwai a nawa. Yanzu haka suna yanka. Da su aka halicce mu. Na mahaifiyarsa wurin yankan ne ya sauya, ba ita ta sa ba, kuma ba ya tsallakawa jikin ɗan kowa."

Kawu ya kai hannu ya taɓa ƙeyarsa. Amma na ga bai sauko ba. Magana ce, kuma magana ba ta tare jifa.

Sai ga Hajja ta shigo da carbinta. Ta ga fuskar namiji a salula, ta karɓe ta daga hannuna, ta kafa masa ido, ta kira shi da sunan mijinta marigayi, ta hau shi da faɗa wai ina ya tsaya abinci ya huce. Madan tana juya mini, ni ina juya masa. Kafin ya ce wani abu, Iya ta leƙo ta bayan kafaɗarsa. Rabona da ganinta tun barina gida. Ta rame. Ni ba ta ko dube ni ba, Hajja ta gani.

"Lale, lale da baƙuwa," in ji Iya. "Daga ina haka da rana? A kawo miki ruwa?"

Hajja ta amsa da Larabci. Iya ta ce, "Ai kuwa, bana gyaɗa ta yi." Hajja ta ƙyalƙyale da dariya, Iya ma ta kama. Suka yi ta hira, kowace da harshenta, ba mai jin wata, ba kuma wadda ta damu. Kawu ya kau da fuska. Na ga ya ɗaga hannun riga ya kai ido.

Madan ta karɓi salular. "Abu ɗaya ya rage. Ni ba likitar jinya ba ce, amma yaro mai zazzaɓi da fizge-fizge a cikin damina ba ya jiran a sauko daga masallaci. Ku kai shi likita yanzu."

Sauran Inna ce ta ba ni labari. Kawu ya ɗora Lanti da yaron a moto ya kai su wurin majo, mai kula da likitar garinmu. Ya dawo ya shimfiɗa tabarma a bakin zaurenmu ya zauna ya tare ƙofa. Da jama'a suka taho ya ce, "Wadda ta goye ni ba za ta kwance zane a gaban gari ba. Ciwo ne a kanta. Mai son tsallake ya fara tsallake ni." Aka ce wane irin ciwo. Sai ya kama bayani ya cakuɗa komai, wai Larabawa sun gano man shanu ne ke daskarewa a kan tsofaffi har almakashi ya goce. Wani ya ce to Isuhu a kai ka rana ka narke tun da wuri. Aka fashe da dariya, kuma taron da ya yi dariya ba ya iya jifa. Liman ya ce tsufan da ke mayar da mutum bai san abin da ya sani ba ai ba baƙon abu ba ne wurin malamai. Mai gari ya ce a jira abin da majo zai faɗa.

Majo ya ce zazzaɓin sauro ne. Yaron ya sha ƙarin ruwa da allurai ya tashi. Wasu har gobe cewa suke Iya ce ta tsorata ta sake shi. Su ta shafa. Iya dai ba ta tsallake kowa ba.

Hanyar dawowa

Madan tana ta faɗi-tashin nema mini takardun zama, ba su fito ba. Wata safiya na kulle wa Hajja ƙofa na sauka sayen burodi da silifan Tsahara a ƙafa. A bakin shagon masu kaki suka tare ni. Ba su tambayi sunana ba, fatata suka duba. Aka zuba mu a kar, wato bas, daga kar zuwa kamiyo, aka yi ta kudu da mu. A ƙarshe aka sauke mu cikin rairayi, wani ya nuna da baki ya ce Nijar tana can. Muka taka. Wata yarinya ta faɗi kusa da ni, na ba ta murfin ruwa na riƙe mata haɓa na ce kada ta haɗiye. Ledar burodin tana hannuna har Assamaka, kan iyakar Nijar, ban san ina riƙe da ita ba.

Duk tsawon hanyar ba ƙishi ne ya fi cina ba. Makullin gidan ne a ƙuguna, da tsohuwa a bayan ƙofa. Sai a Arlit na samu aron salula. Madan ta ji muryata ta fashe da kuka, ita da ban taɓa ganin ta karaya ba. Ta ce ta bi ofis-ofis tana nemana. Hajja lafiya lau, maƙwabciya ce ta ji bugun ƙofa ta kira ta.

"Sai dai kullum da yamma tana tambaya ina Hadiza," in ji ta.

Sassumburum

Da la'asar na shiga gida. Kawu ya sa wa ƙofar zaure sakata ta sama, inda hannun Iya ba ya kai. Kwalabe sun fara dawowa, ba duka ba. Lanti ba ta aiko tata ba tukuna, amma tana gaida Inna ta kan danga.

Iya tana ƙarƙashin rumfa da faifan gyaɗa a cinya. Inna ta riƙe abin da na gaya mata: kafin rana ta faɗi a ba hannu aiki. Yatsunta suna ɓara da sauri kamar ba abin da ya taɓa samunta. Na durƙusa na gaishe ta. Ta ɗago ta daɗe tana kallona. Na san abin da ke faruwa a cikin kan nan, ana laluben rumbu, saura kaɗan a ciki.

Fuskarta ta washe. "Delu! Sai yanzu kika dawo daga rijiya?"

Delu yayarta ce, ko Inna ba ta tashi ta same ta ba. Inna ta buɗe baki za ta gyara mata, na riƙe gefen zaninta.

"Na'am," na ce. "Na dawo. Layi ne ya yi tsawo."

"To zauna ki taya ni, rana na faɗuwa."

Na zauna. Na kama ɓara, gyaɗar tana zubewa daga hannuna. Iya ta yi tsaki, ta kama yatsuna ta gyara musu zama a kan kwanson.

"Ke dai Delu har yau ba ki iya ba. Nan ake dannawa."

Na danna. Ya buɗe.